To ina zaure?

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗana, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da yara, da fatan aiki na tafiya daidai a Duwala. Mu nan Garwa lafiya lau, sai zafin da ka sani, ko da yake hadari ya fara haɗowa da yamma yana watsewa.

Saƙonka ya iso tare da hoton zanen gidan. Na sa ƙanwarka ta buɗe mini shi a babbar waya, na zauna bayan La'asar na bi shi ɗaki ɗaki. Ka ce filin da Allah Ya ba ka a kan tudu yake, in ka tsaya kana hango kogin Binuwai ta kudu, in ka juya baya ga dutsen Tingilin. Ka ce mai zanen ya yi maka bene, da falo mai gilashi tun daga ƙasa har silin, da baranda da ta zagaye saman gaba ɗaya, da gajeriyar katanga mai ƙarafa don kada ta tare kallo. Da ka nuna wa mahaifiyarka sai ta yi shiru, can ta ce, "To ina zaure?" ba ta ƙara komai ba. Shi ne kake tambayata ko addini ne ya hana mutum buɗe gidansa ya ga abin da Allah Ya halitta, ko al'ada ce, ko kuwa sabo ne kawai irin na mutanen da.

Tambayar ta yi mini daɗi, musamman da ka yi ta tun ba a haƙa harsashi ba. Tun ran gini tun ran zane. Da yawa sai sun zuba kankare sun ɗora rufi sannan su zo neman shawara, a lokacin kuwa ba abin da ya rage sai rushewa ko haƙuri.

Ba wanda ya hana ka kallon kogi. Ka tuna ayoyin Suratul Gashiya da kuka wanke tun kuna allo: a dubi raƙumi yadda aka halicce shi, da sama yadda aka ɗaukaka ta, da duwatsu yadda aka kafa su, da ƙasa yadda aka shimfiɗa ta. Wanda ya zauna bayan Asuba ya ga tururin ruwa na tashi daga Binuwai, ga masunta sun tura kwale-kwale, ga masakwa ta yi kore shar a fadama alhali damina ta daɗe da ɗaukewa, ya ce Subhanallah, ai lada ya samu. Ni kaina har yau in za mu haye gada nakan ce wa direba ya rage gudu, ko Allah zai sa in ga kan dorina. Ka cire wannan damuwar daga ranka. Abin da iyayenmu suka tsare shi ne ido, kuma ido biyu ne a wannan magana. Akwai idon baƙo mai shigowa gidanka, akwai kuma naka idon da ke fita ya sauka a gidan wani. Na duba zanen nan, duka biyun an sake su ba linzami.

Bari in fara da na baƙo, tunda a kansa mahaifiyarka ta tambaya. Ka yi wayo ne bayan an mayar da zauren gidan kakanku na Hausare shago, don haka ba ka san shi a bakin aikinsa ba. Ginin tubali ne mai kauri, an rufe shi da azarar giginya, an shafe shi da makuba. Ko a tsakiyar Afrilu in ka shiga sai ka ji sanyi ya tare ka a fuska. Ta dama akwai dakali inda Malam, kakan naku, ke shimfiɗa buzunsa, a bango kuma akwai gurbin ajiye fitila da tawada. Amma ƙofofinsa nake so ka gani. Ta waje tana tsakiya, ta ciki kuwa an kai ta can kusurwar hagu. In ka tsaya a titi ka leƙa, bango kawai za ka gani. In ka bi ta cikin sai ka faɗa wani ɗan fili inda ɗakin samari yake da turken tumaki, sannan shigifa, ita ma ƙofarta a karkace. Sai ka juya sau uku kafin idonka ya sauka a tsakar gida. Kafin nan an ji sallamarka, an ji takunka, mai ɗaurin ƙirji ta jawo mayafi, mai tsifar kai ta ɗaura ɗankwali.

Ba mai gadi, ba ƙararrawa, ba a sa kwaɗo da rana. Ginin ne da kansa ke nuna wa mutum inda zai tsaya. Baƙo ya yi sallama a zaure, a aiki yaro, "Je ka ce ana sallama da maigida." Ya dawo da kwanon ruwa, wani lokaci da fura. Ba a wulaƙanta baƙon a bar shi a rana ba, ba a kuma tayar da matan gida daga abin da suke yi ba. A wannan zauren aka ɗaura auren mahaifinka, a nan aka raɗa maka suna, a nan muka yi zaman makokin Malam. Jama'a suka yi ta zuwa suna tafiya, ba namijin da ya san launin tabarmar da ke shimfiɗe a cikin gida. Maƙwabtanmu Fulani suna da irinsa, jawleru suke ce masa, kuma in ka shiga fadar Lamiɗo, ta nan ko ta Ngaundere, haka za ka tarar, zaure bayan zaure, kowa da inda matsayinsa ke tsayar da shi.

Ka tambayi ina addini ya tsaya, ina al'ada ta ɗauka. A Suratun Nur, aya ta 27, an hana mu shiga gidajen da ba namu ba sai mun nemi izini mun yi sallama. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana cewa saboda gani aka sanya neman izini, kuma in ya je ƙofar mutane ba ya fuskantar ta kai tsaye, yakan tsaya ta dama ko ta hagu ya yi sallama. Wannan shi ne addinin. Iyayenmu da suka zo ƙasar nan da fatauci sai suka ɗauki wannan ladabi suka gina shi da laka, yadda ko baƙon da bai san ladabin ba dole ya bi shi. Tubali da azara da zankwaye namu ne na gargajiya, zamani na iya sauya su, ba wanda zai ce ka yi laifi don ka yi gini da bulo da simintin Figil. Aikin da zaure ke yi ne ba ya tsufa.

Saboda haka ka ce wa mai zanen ya yi maka falon baƙi a bakin ƙofa, mai ƙofarsa ta waje, da banɗakinsa da wurin alwala, don kada baƙo ya ratsa cikin gida neman buta. Ƙofar da ta haɗa shi da ciki kada ta yi saiti da ta waje. In kana so ka kira shi falo ka kira shi, mahaifiyarka in ta gani za ta gane zaure ne. Sannan ka lura da ƙofar mota, nan ne gidajen yanzu suke tonuwa. Mutum ya kashe kuɗi ya ɗaga katanga, amma duk sanda aka wangale get don mota ta shiga, duk wanda ke titi ya ga har cikin madafa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A yi wa mota nata ɗan filin a gaba, a tare bayansa da bango, ko da na bulo mai huda-huda ne wanda iska ke ratsawa. Mai gyaran wuta, mai kawo yashi, direba, almajiri, kowa ya gama abin da ya kawo shi a nan. Gajeriyar katangar ƙarafan nan kuwa a cire ta. Daga ƙasa ba kogin za ka gani ba, titi za ka gani, titi ma ya gan ka.

Yanzu ido na biyu, naka. Wannan ne ya fi yi mini nauyi, domin ni na taɓa cutar da mutane da shi.

Lokacin kana goye kasuwa ta ɗan buɗe mini, na ɗora ɗaki guda a sama, shi ne bene na farko a layinmu. Na buɗe masa taga babba ta gabas don iska. Wallahi iskar kawai ce a raina. Bayan 'yan makonni sai na ga maƙwabcinmu na wannan ɓangaren, Allah Ya jiƙansa, ya ɗaɗɗaura zana a saman katangarsa. Iska ta kayar, ya sake ɗaurawa. Ban kawo komai ba. Na daina jin daka a inda na saba ji, an mayar da turmin wani lungu. Nan ma ban kawo komai ba. Sai da aka yi bazara biyu, a wani gidan suna, uwargidansa ta faɗa wa Hajiyarku cikin hira cewa su tun da aka yi benen nan ba su ƙara kwana a tsakar gida ba. Ka san bazarar Garwa, Maris da Afrilu zafi na haura digiri 40, bango ya yini yana shan rana, da dare ya yi ta amayar da ita. Kowa waje yake fitar da tabarma. Su kuwa mata biyu da yara da tsohuwa mai ciwon ƙafa, a cikin ɗakin kwano suke kwana, ƙofa a turo, saboda tagata.

Da Hajiya ta gaya mini, a daren na hau na tsaya a bakin tagar, na yi abin da ban taɓa yi ba, na duba ƙasa. Akwai farin wata. Ga randarsu, ga igiyar shanya da kayan mata a kai, ga ƙofar makewayi, ga gadon karan tsohuwa an jingine shi a bango ba mai kwana a kai. Komai a tafin hannuna. Ban taɓa leƙa su ba ko sau ɗaya, amma su ina za su sani? Ga wanda ke ƙasa, taga a buɗe ido ce, da mutum a bayanta ko babu. Gari na wayewa na kira magini ya toshe ta da bulo, ya bar 'yar kafa can sama da kai. Na je na sami maƙwabcin nan a zaurensa na roƙi gafara. Ya kama hannuna ya ce ba komai, shi kunya ce ta hana shi magana, kada in ga kamar yana baƙin ciki da abin da Allah Ya ba ni. Ya yafe, amma har yau in na tuna tsohuwar nan a cikin wannan zafin sai in ji ƙirjina ya yi nauyi.

Abin da ya ƙara ba ni kunya, na karanta hukuncin a gaban Malam tun ina saurayi. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wajen babin hukunce-hukunce, an kawo ƙa'idar nan ta ba cuta ba cutarwa, kuma misalan da aka bayar su ne kada mutum ya buɗe taga kusa wadda zai riƙa tsinkayar maƙwabcinsa ta cikinta, kada ya buɗe ƙofa daura da ƙofarsa, kada ya yi haƙan da zai cuce shi ko da a cikin mallakarsa ne. Ka ga ba tsegumin tsofaffi ba ne, hukunci ne da alƙali ke yankewa. Malamanmu na Malikiyya sun kuma ruwaito yadda Sayyidina Umar ya ce a gwada, da aka kai masa ƙarar wani da ya ɗora ɗaki a sama ya buɗe tagogi ta wajen maƙwabcinsa. Ya ce a ajiye gado a bayan tagar, mutum ya hau ya tsaya a kai. In yana ganin abin da ke cikin gidan maƙwabcin a hana, in ba ya gani a ƙyale. Ka dubi adalcin wannan gwaji. Ba a tambayi niyyar mai gida ba, ba a ce ai mutumin kirki ne ba zai leƙa ba. Tagar aka auna, domin mai gida na mutuwa, gida na shiga hannun wani, taga tana nan.

Mai zanenka zai ce maka ya bi doka, kuma mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Dokar da muka gada daga Faransa, wadda ake aiki da ita a wannan ɓangare na Kamaru, ta ce taga ko baranda mai fuskantar filin maƙwabci kai tsaye sai an bar ratar mita 1.90 daga iyaka, mai kallo ta gefe kuwa santimita 60. Ka cika wannan, ka karɓi takardar izinin gini daga ofishin magajin gari kafin ka ɗora bulo ɗaya, kada ka yi wasa da ita. Sai dai ka sani mita biyu ba ta ɓoye komai ga wanda ke tsaye a bene. Za ka iya cika dokar hukuma tsaf, kuma ka hana matan mutane kwana a waje kamar yadda na yi.

To ta yaya za ka ga kogin? Da sauƙi, domin kogi nesa yake, tsakar gidan mutane kuwa ƙarƙashinka take. Ido mai tafiya nesa kusan a miƙe yake tafiya, mai leƙe shi ke sunkuyawa. Aikin gini shi ne ya bar na farko ya yanke na biyu. Barandar da ta zagaye gida duka a soke ta, a bar ta kudu kawai, wadda ke fuskantar ruwa. Gefenta na gabas da na yamma a fito da bango ya rufe su har sama, kamar yadda mutum ke kare fuskarsa da tafukansa in yana hangen nesa. Gabanta kuma, maimakon ƙarafa, a yi bango mai tsawon mita 1.2, a yi masa faffaɗan kai kamar dakali, faɗin mita guda, ka jera tukwanen shuka a kai. Faɗin nan shi ne sirrin, domin yana hana mutum matsowa baki ya sunkuya. Ka yi lissafin da kanka. In daɓen bene yana mita 3 daga ƙasa, idon mai tsayuwa kuma mita 1.6 daga daɓen, to ganinsa na sauka santimita 40 ne kacal a kowace mita, ba zai taɓa ƙasa ba sai bayan mita 11 da rabi. Duk abin da ke kusa da haka ya ɓace masa, katangar maƙwabci kuma ta ƙara rufe wani. In filin naka gangare ne lissafin zai sauya, a ƙara tsawo ko faɗi har sai an dace. Binuwai kuwa tana nan shimfiɗe a gabanka ba abin da ya taɓa ta.

Tagogin sama na gabas da yamma a ɗaga su sama da kai, 'yan siriri, don haske da fitar zafi. Ta arewa, in kana son Tingilin, taga guda matsakaiciya ta isa, a dube ta da irin gwajin gadon nan. Dutse ba ya buƙatar bango guda na gilashi kafin a gan shi. Sau da yawa ma abin da aka hango ta 'yar taga ya fi zama a rai.

Kuma Allah Ya taimake ka da kogin ya faɗo ta kudu. A Garwa rana kusan ta tsakiyar ka take bi, daga wajen Afrilu zuwa Agusta ta ɗan karkata arewa, sauran watanni ta karkata kudu. In aka fito da rufin baranda sosai zai yi wa tagar kudu inuwa a yawancin yini. Yamma ce ba ta da magani, domin ranar La'asar a kwance take shigowa. Shi ya sa falon gilashin nan bai kwanta mini ba ko da an ajiye maganar ido a gefe. Irin wannan zane na ƙasashen da ake marmarin rana ne. A nan gilashi na barin rana ta shiga ya hana zafin fita, in aka ɗauke wuta na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya sai ɗakin ya koma tanda. Da hunturu kuma, daga Disamba zuwa Fabrairu, hazo kan rufe gari har Tingilin ya ɓace kwana da kwanaki, ƙura ta lulluɓe gilashin. Ƙarshenta za ku rataya labule mai kauri, ya kwana ya yini a sake, ka biya kuɗin kallo ka zauna a duhu. Na ga gidaje da yawa haka a unguwannin sabbin gine-gine. Kada kuma a ruɗe ka da gilashin nan mai kamar madubi, a ce na waje ba ya ganin ciki. Da rana ne kawai. Da dare in kun kunna fitila sai abin ya juye, na titi ya gan ku sarai, ku kuwa ba ku ganinsa. Duk tagar da za ta buɗe a sa mata raga, kusa da ruwa kake, sauron Binuwai ba baƙonka ba ne.

Akwai wata magana da ba ka tambaya ba, amma sai na faɗe ta, domin a nan ina ganin mu na da mun gaza. Kakarku ta yi shekara sama da arba'in a gidan Hausare. Kogin nan ba nisa, amma abin da take gani daga inda take zaune shi ne katanga huɗu da sama da reshen darbejiya. Na tuna wata shekara da ruwa ya cika ƙwarai, muna yara muka dawo da gudu muna ba ta labari, ta ajiye muciya ta ce, "Ku faɗa mini, har ina ya kai?" Muka yi ta kwatanta mata da hannu. A lokacin ban ji komai ba, sai da na tsufa. Gidanmu ya rufa mata asiri, ya ba ta fili nata inda ba mai takura mata, wannan gaskiya ne kuma ba ƙaramin abu ba ne. Amma bai ba ta ko kafa ɗaya da za ta hango duniya ba, kuma ba addini ne ya hana ba, dabarar gini da ƙarfin aljihu ne ba su kai ba.

A zanenka na ga matakalar bene daga falon baƙi ta tashi. Ma'ana kallon na maza ne da abokansu, iyalinka kuwa sai in ba kowa. Ka juya ta. Matakala ta tashi daga cikin gida, barandar kudu ta zama ta iyali, inda matarka za ta hau da yamma ba sai ta nemi mayafi ba, ta zauna da 'ya'yanta mata suna tsince shinkafa, in sun miƙe su hango masu ɗiban yashi can a bakin ruwa. Mahaifiyarka in ta zo a shimfiɗa mata darduma a nan. In kana son baƙinka su gani, a yi wa falonsu tasa tagar. Bangon nan mai faffaɗan kai da zai hana ku leƙa mutane, shi ne kuma zai hana na ƙasa ganin wadda ke zaune a bayansa. Wannan abu ne da siminti da ƙarfe suka ba ku wanda laka ba ta ba mu ba, ka yi amfani da shi.

Kada kuma benen ya cinye tsakar gida. Na ga mai zanen ya cika filin da ɗakuna ya bar 'yar siririyar hanya a gefe. Ina za a yi shanya, ina za a hura itace ranar suna, ina za a yanka ragon Layya, ina yara za su kwanta da bazara? Ka rage ɗaki guda ka bar fili. Ka dasa mangwaro ko darbejiya tun yanzu, nesa kaɗan da harsashi, ka yi rumfa a ɓangare guda. Dalili kuwa, yau kai ne a sama, gobe wani zai sayi filin gefenka ya ɗora nasa. A fiƙihunmu an hana shi buɗe tagar da za ta tona ka, amma ba a hana shi ɗaga gininsa don zai tare maka haske ko iska ba, balle kallo. Don haka ka jingina benenka ta ɓangaren da ka fi tsammanin za a yi gini, bayansa ya zama garkuwa ga tsakar gidanka, itace da rumfa su rufe sauran. In filin da ke kudu da kai yana gangarowa, ka gode wa Allah, da wuya a tare maka ruwan gaba ɗaya. Tudun kuma ya raba ka da fargabar ambaliya irin ta 2012, da Binuwai ta cika aka saki ruwan madatsar Lagdo. Sai dai ka kula da inda ruwan rufinka da na rariyarka za su bi, kada su gangara gidan na ƙasa da kai. Shi ma haƙƙin maƙwabci ne.

Ga abin da nake so mu yi. Ka ce za ku zo da Babbar Sallah. Kafin nan kada a zuba komai. Zan sa a kafa katako a filin, tsawon daɓen bene, daidai inda barandar za ta kasance, a jingina tsani. Za mu hau ni da kai da mai zanen, sau biyu, da hantsi da kuma bayan La'asar, mu juya kowace kusurwa mu ga abin da ido ke kaiwa. Duk inda muka hango randa ko igiyar shanya ta wani, a sa alama a takarda. Daga nan mu sauka mu bi maƙwabtan da suka riga ka zama a wurin, da goro a hannu, ka gabatar da kanka, ka nuna musu inda tagoginka za su kalla, ka ce in akwai abin da bai yi musu ba su faɗa tun yanzu. Ka roƙe su sosai, domin mutanenmu kunya gare su, za su ce ba komai alhali akwai. Ya fi kyau matarka ta shiga cikin gidajen ta gaisa da matan, su za su gaya mata abin da mazan ba za su gaya maka ba. Ita ma a nuna mata zanen a tsanake, ita za ta yini a gidan, kai fita za ka yi.

Ka kira mahaifiyarka kafin ka zo, ka ce mata an sami wurin zaure. Ka gaishe mini da iyali, ka shafa kan yara. Hajiya na gaishe ku, ta ce a taho mata da manja mai kyau. Allah Ya sa a fara a sa'a, Ya sa gidan zama ne na lafiya da zuri'a mai albarka.

Wassalam,
Baffanka, daga Garwa.